Bayan Bikin Yaye Ɗalibai: Koya wa Manya Sana'a Yana Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Ranar yaye ɗalibai rana ce mai daɗi. An jera kujeru, an baje kayan da ɗalibai suka yi da hannunsu a kan tebur, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya ana miƙa takardar shaida, mai hoto sai kai da komo yake yi. Matar da ta shekara 40 ba ta taɓa zama a aji ba, yau ga ta riƙe da takarda mai ɗauke da sunanta. Duk wanda ya ga hasken fuskarta a wannan lokaci ba zai ce an yi aikin banza ba, ni ma ba zan ce ba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a nan labarin yakan tsaya. Rahoton da za a aika wa masu ba da kuɗi zai ce an horar da mutum kaza, kashi kaza mata ne, an kammala cikin nasara. Da wuya ka sami wanda zai koma bayan shekara ya tambaye ta: keken yana juyawa kuwa? Mutum nawa suka kawo miki ɗinki a watan jiya? Abin da kike samu yanzu ya fi na da?

Irin koyarwar da nake magana a kai ita ce wadda ake shirya wa manya a wajen tsarin makaranta: ajin yamma, cibiyar koyon sana'a ta wata uku ko shida, horon da wata ƙungiya ke bayarwa, ko tura mutum wurin gwani ya zauna a shagonsa. Wani masanin harkar ilimi, Philip Coombs, shi ne ya yaɗa wannan tunani a 1968, da ya nuna cewa makarantun boko ba za su iya ɗaukar duk masu buƙatar ilimi ba, balle waɗanda shekarunsu suka riga suka wuce na shiga aji. Kafin shi ma, a 1965, ministocin ilimi na ƙasashen duniya sun taru a Tehran suka yarda cewa koya wa babba baƙi da wasali kawai bai wadatar ba, sai karatun ya zama mai amfani ga aikin da yake ci da shi. Daga nan UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gudanar da wani babban gwaji a ƙasashe 11, ciki har da Indiya da Iran da Mali da Tanzaniya da Habasha, daga 1967 zuwa 1973. Da aka fitar da bitar shirin a 1976, hukumar da kanta ta yarda cewa abin da aka girba bai kai abin da aka sa rai ba. An tsara darussa daga sama, an ɗauki manomi ko ma'aikacin masaƙa tamkar wani ƙarfen inji da za a gyara don kaya su ƙaru, ba a tambaye shi abin da shi yake so ya sani ba. Yau kusan shekara 50 ke nan, kuma har gobe ana maimaita wannan kuskure.

Auna tasirin koyar da sana'a yana da wata sarƙaƙiya da mutane da yawa ba su lura da ita ba. A ce an horar da mutum 100, bayan shekara aka tarar 60 daga cikinsu suna da abin yi. Cibiyar za ta buga ƙirji ta ce ta samar wa kashi 60 aiki. To amma babban mutum mai iyali ba ya zama hannu rabbana yana jiran horo. Talaka ba shi da halin zaman banza. Ko an koya masa ko ba a koya masa ba, gobe sai ya fita nema. Da za a bi sawun wasu 100 irinsu da ba su shiga ajin ba, wataƙila a tarar 57 ko 58 su ma suna da abin yi. Ashe ainihin ribar horon mutum biyu ne ko uku. Sannan ga wani abu: wanda ya ji sanarwa, ya tashi ya je ya cike fom, ya jure wata shida yana zuwa, dama can mai himma ne. Idan ka kwatanta shi da wanda bai ma motsa ba, himmarsa kake aunawa, kana zaton darasinka ne.

Saboda haka masu bincike suka koma amfani da ƙuri'a. Idan masu nema sun fi guraben da ake da su, sai a jefa ƙuri'a tsakaninsu, wasu su samu wasu su rasa, sannan a bi sawun ɓangarorin biyu shekara ɗaya, biyu, uku. Tunda sa'a ce kawai ta raba su, duk bambancin da aka gani daga baya horon ne ya kawo shi.

Abin da irin wannan bincike ya nuna ya sanyaya gwiwar mutane da yawa. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, ya tarar cewa a cikin kowane mutum 100 da aka ba gurbin koyon sana'a, waɗanda suka sami aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba ba su kai 3 ba. Kuma horar da mutum ɗaya yakan ci dala 1,000 zuwa 2,000. Wasu masu bincike, Christopher Blattman da Laura Ralston, sun ƙiyasta cewa tsakanin 2002 da 2012 Bankin Duniya da gwamnatocin da yake aiki da su sun riƙa zuba kusan dala biliyan ɗaya kowace shekara a shirye-shiryen koyar da sana'a, suka kuma ce da wuya a nuna cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Turkiyya. An bi sawun masu neman aiki kusan 5,900 da suka nemi shiga kwasa-kwasan hukumar samar da aiki ta ƙasar. Kafin sakamako ya fito, masu binciken suka tambayi jami'an hukumar: a ganinku horon nan mutum nawa zai ƙara wa aiki a cikin 100? Amsarsu ta tsaya wajen 24. Su kansu masu neman shiga ajin sun ɗauka abin zai kai 32. Da aka auna, 2 aka samu, kuma bayan shekara uku ko wannan ɗan bambancin ya dusashe. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Jami'an sun yi imani da aikinsu, ɗaliban sun yi imani da abin da aka gaya musu. Abin tausayin shi ne mutumin da ya ajiye ɗan abin da yake taɓawa ya shiga aji da wannan dogon buri, ya fito bai ga canji ba, ya koma yana zargin kansa da rashin ƙwazo.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa manya ba sa koyo. Gemu ba ya hana ilimi, kuma a wurare da dama da aka jarraba waɗanda aka horar, an tarar sun san aikin fiye da waɗanda ba a horar ba. Hannu ya iya. Tsakanin iyawar hannu da shigar kuɗi aljihu ne abin yake zurarewa, kuma ramukan da yake bi ba ɓoyayyu ba ne.

Na taɓa zama a bayan wani ajin koyon ɗinki ina kallo. Ɗalibai sun haura 20, kekuna biyar ne, ɗaya ma bel ɗinsa ya tsinke. Malamar ta san aikinta, tana da haƙuri. Amma don kada a yi asarar yadi, a kan takarda ake koyon yanka. Wata ɗaliba ta auna, ta zana da alli, ta yanka hannun riga tsaf, ta ɗaga tana murmushi. Har aka yaye ta, almakashinta bai taɓa shiga yadin wani ba. Wanda ya san ɗinki ya san cewa ranar da mai kaya ya miƙo maka yadinsa mai tsada ya ce jibi zai zo karɓa, ranar ce sana'a ta fara. Yadda za ka tsayar da hannunka kada ya yi rawa, yadda za ka faɗi kuɗin aiki ba ka cuci kanka ba kuma ba ka kori mai kaya ba, yadda za ka ba da haƙuri idan kafaɗa ta matse: waɗannan ba a koyonsu a kan takarda. Wata uku a irin wannan aji yakan fitar da mutumin da ya san sunayen abubuwa, amma bai kai wanda za a ba amanar kaya ba.

Sai maganar kasuwa. Duba jerin sana'o'in da ake koyarwa a yawancin cibiyoyi, kusan iri ɗaya ne ko'ina: ɗinki, gyaran gashi, haɗa sabulu, kafinta, walda, ɗan koyon kwamfuta. Dalilin ba wai an zagaya an tarar ana neman masu waɗannan sana'o'i ba ne; su ne cibiyar take da malamansu da kayan aikinsu, su ne masu arhar koyarwa. Idan unguwa tana da teloli goma kuma ɗinkin da ake kawowa ya ishe su daidai wa daida, ƙara musu talatin ba zai sa mutane su ƙara sayen yadi ba. Cinikin nan dai shi za a rarraba, kowa ya sami ɗan tsagi. Har ma yana yiwuwa sabuwar da aka yaye ta sami masu kawo mata aiki, a rubuta ta cikin waɗanda suka yi nasara, alhali daga hannun maƙwabciyarta ta karɓe su. Wani babban gwaji da aka yi a Faransa kan taimaka wa matasa neman aiki ya nuna haka ƙarara: waɗanda aka taimaka sun samu, amma a guraben da wasu za su shiga, musamman inda aiki ya yi ƙaranci.

Abin ya fi shafar mata, don su aka fi turawa sana'o'in da suka cika maƙil. A Yuganda an tarar matan da suka kutsa cikin sana'o'in da maza suka mamaye, irin su aikin ƙarfe da lantarki, suna samun kusan ninki uku na abin da takwarorinsu ke samu a sana'o'in da aka saba ganin mata a ciki, kuma da yawa daga cikin na baya ba su ma san akwai wannan tazarar ba.

Jari shi ne rami mafi girma. Mai walda ba inji, makanike ba sifana, tela ba keke, duk suna nan da iliminsu a ka amma hannu a ɗaure. A 2008 gwamnatin Yuganda ta gwada wata dabara a arewacin ƙasar: maimakon ta buɗe aji, sai ta ce matasa su haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, su rubuta sana'ar da suke so, aka ba su kuɗi, kimanin dala 382 kowane mutum, su biya wanda zai koya musu su kuma sayi kayan aiki. An ji tsoron za su cinye kuɗin. Ba su cinye ba. Mafi yawansa kayan aiki ya tafi. Bayan shekara huɗu abin da suke samu ya fi na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba da kashi 38 cikin 100. Gaskiya ta sa dole in ƙara da cewa da aka koma bayan shekara tara, waɗancan sun kamo su a yawan samu, don su ma sun yi ta tari a hankali har suka tsaya da ƙafarsu. Wasu na kawo wannan a matsayin hujjar cewa shirin bai yi amfani ba. Ni ban yarda ba. Shekarun da mutum ya yi yana samun fiye da da, su ne shekarun da 'ya'yansa suke ƙanana, kuma har bayan shekara taran waɗanda aka ba jarin sun fi mallakar kadara, sun fi zama cikin sana'a ta ƙwarewa.

Ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta daɗe da gane cewa dutse ɗaya ba ya ɗaukar tukunya. Tun 2002 take haɗa wa matalauta na can ƙasa abubuwa da yawa a lokaci guda: abin jari kamar dabba, horo kan yadda za a kula da ita, ɗan tallafin abinci don kada yunwa ta sa a sayar da jarin, asusun ajiya, da ma'aikacin da zai riƙa leƙowa a kai a kai. A 2015 aka buga sakamakon gwada wannan tsari a Habasha da Ghana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, a gidaje sama da 10,000, aka ga samu da ajiya da cin abinci sun ƙaru, kuma ba su koma ba shekara guda bayan an janye hannu. A Honduras ne abin ya ci tura, don kajin da aka raba cuta ta kashe da yawansu. Horon nan dai shi ne aka ba su, amma da jarin ya mutu, sai ya bi shi.

Akwai kuma abin da masu tsara shiri suke yawan mantawa: lokacin babba ba kyauta ba ne. Yaron makaranta wani ne ke ciyar da shi. Magidanci kuwa duk awar da ya yi a aji, awa ce da bai yi ta a wurin nema ba, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. A Malawi an tura matasa wurin gwanaye su koyi sana'a na wata uku. Maza sun fi amfana. Mata sun fi barin horon a tsakiya, kuma da aka bi su aka tambaya, dalilan su ne nisan wuri, rashin lafiya a gida, da ɗawainiyar iyali. Wasu ma ɗan abin da suka tara ne suka kashe wajen zirga-zirga. Kwatanta wannan da shirin da aka yi wa 'yan mata da matasan mata kimanin 2,500 a Laberiya daga 2010. An tanadar musu wurin kula da yara kyauta, an ba su kuɗin mota, an sa lokacin aji safe ko yamma gwargwadon halin kowa, kuma bayan wata shida na koyo aka ƙara wata shida ana bin su ana taimaka musu su sami aiki ko su kafa nasu. Masu aiki a cikinsu suka ƙaru da kashi 47 cikin 100, abin da suke samu ya ƙaru da kashi 80. Ba na jin malaman Laberiya sun fi gwanayen Malawi iya koyarwa. Wanda ya tsara shirin ne ya tuna cewa ɗalibar tana da goyo.

Karatu da lissafi ma suna nan a gindin komai. Manya sama da miliyan 700 a duniya ba su iya karatu da rubutu ba, kusan kashi biyu cikin uku mata ne. Wanda bai iya karanta tef ɗin awo ba, ko rubuta wanda yake bi bashi, sana'arsa tana yoyo ta inda bai sani ba. Wani nazari da John Oxenham da abokan aikinsa suka yi wa Bankin Duniya a 2002 ya lura cewa shirye-shiryen da suka fara da sana'a, suka shigo da karatu a cikinta, sun fi riƙe ɗalibai a kan waɗanda suka fara da karatu suka ce sana'a na tafe. Wannan bai ba ni mamaki ba. Babba yana son ya ga amfanin darasin yau kafin gobe. A Lome ta ƙasar Togo kuwa, an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku: wasu aka koya musu ajiye lissafi da talla kamar yadda aka saba, wasu aka horar da su kan zaburar da kai, wato hango matsala tun ba ta zo ba da neman sabuwar hanya ba sai an ce maka ba, sauran aka bar su. Cikin shekara biyu ribar rukuni na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, na farko kuwa kashi 11 ne, wanda masu binciken ma ba su iya tabbatar da cewa ba dace ba ne.

Idan ka jera shirye-shiryen da suka yi tasiri sosai, za ka ga kusan dukkansu akwai wani a can ƙarshe yana jiran wanda aka horar. A Kolombiya, shirin Jóvenes en Acción ya raba horo gida biyu, wata uku a aji, wata uku a cikin kamfani na gaske, kuma sai cibiya ta nemo kamfanonin da za su karɓi ɗalibanta. Matan da suka shiga a 2005 samunsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. A birnin San Antonio na Amurka, shirin Project QUEST da aka kafa a 1992 yakan fara da tambayar asibitoci da kamfanoni irin ma'aikatan da suke nema ba su samu ba, sannan ya tallafa wa manya masu ƙaramin samu har su kammala horon, kuma an ga ribarsa tana nan bayan shekara tara. Ita ma takardar shaida tana da ranarta, idan masu ɗaukar aiki sun yarda da ita. Wani gwaji a Yuganda ya kwatanta waɗanda suka yi wata shida a cibiyar horo da waɗanda aka tura shaguna suka koya a bakin aiki. Duka sun iya, amma da tafiya ta yi nisa masu takarda suka wuce gaba, don idan aiki ya ƙare a nan suna da abin nunawa a can, shi kuwa yaron shago ubangidansa kaɗai ya san gwanintarsa. Haƙuri ma yana da muhimmanci wajen yanke hukunci: masana tattalin arziki David Card da Jochen Kluve da Andrea Weber, da suka duba nazarce-nazarce sama da 200, sun tarar amfanin horo yakan zama kaɗan a shekarar farko, ya fi bayyana a ta biyu da ta uku.

Na san akwai ribar da ba ta shiga lissafin kuɗi. Mutumin da a da ake kiransa da sunansa kawai, yanzu ana ce masa mai gyara, ana sallama a ƙofarsa da abin da ya lalace. Matar da ta sami abokan shawara a aji, ta fara sa baki a kan yadda za a kashe kuɗin gida. Ina ganin girman wannan ƙwarai. Abin da ba na so shi ne a fake da shi idan an tambayi ina aikin da aka yi alkawari. Wanda ya shiga ajin don ya ciyar da iyalinsa ya shiga, kuma da wannan ma'auni ya kamata a fara auna mu.

Shi ya sa nake ganin yadda ake biyan masu koyarwa ya fi manhajar da suke koyarwa tasiri. Muddin cibiya za ta karɓi kuɗinta cif ranar yaye ɗalibai, to cika aji shi ne aikinta, kuma ba laifinta ba ne idan ta tsaya a nan. A Nepal, asusun samar da aiki da ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan ta gudanar tun daga 2008 ya juya abin: ana biyan wani kaso bayan ɗalibai sun ci jarrabawar ƙwarewa, kaso mafi tsoka kuwa sai an je an tabbatar suna aiki suna samun kuɗi watanni bayan an yaye su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Nan da nan cibiyoyi suka fara zagaya masu ɗaukar aiki tun kafin su buɗe aji, kuma binciken da aka yi ya nuna ƙarin kimanin mutum 10 a cikin kowane 100 sun sami aikin da ba na gona ba.

Wannan tsari yana da nasa haɗarin, kuma babba ne. Cibiyar da kuɗinta ya rataya a kan samun aikin ɗalibai za ta fara zaɓe a bakin ƙofa: ta ɗauki saurayi mai takardar sakandare, ta ce wa bazawara mai 'ya'ya huɗu gurbi ya cika, alhali don irinta aka ƙirƙiro ilimin manya tun farko. Masu shirin Nepal sun hango haka, sai suka sa ladan ya bambanta: cibiyar da ta horar da mace, ko wanda ya fito daga al'ummar da aka daɗe ana dannewa, har ya sami aiki, kuɗin da za ta karɓa ya fi na wadda ta ɗauki mai sauƙi. Sai da aka sa wannan a cikin yarjejeniyar biya, sannan bazawarar ta zama ɗalibar da cibiyoyi ke fita nema da kansu.